Takardar Albashi Ta Kwana a Gidan Mahmuda

Ƙarfe goma na safiyar Laraba, hadari ya haɗu ta wajen Obi amma ya ƙi sauka. Iska ta tsaya cik a garin Lafia, gumi yana bin bayan kowa. Mahmuda masinja yana zaune a bencinsa na ƙofar ofishin akanta, yana kankare laka daga takalminsa da tsinke, sai Hajiya Ummukulthum ta ƙwala masa kira.

"Mahmuda! Zo ka kai wannan banki, an sa hannu. Don Allah kada ka tsaya shan kunu a hanya, mutane sun ƙosa."

"To, Hajiya."

Ya karɓi ambulan ɗin da hannu biyu. Takardar albashin ma'aikatarsu ce a ciki, wadda sai ta isa banki an buga mata hatimi sannan kuɗi yake shiga asusun kowa. Shekara tara yana kai ta. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, amma ya sani kamar yadda ya san sunansa: daga lokacin da ya miƙa ta zuwa lokacin da alat, saƙon banki na shigar kuɗi, zai fara shiga wayoyi, awa uku da rabi ne, in ya yi tsawo huɗu.

Ya sa ambulan a jakarsa, ya nufi ƙofar fita. A nan idonsa ya faɗa kan sanarwar da aka manna a jikin bango tun makon jiya. Karatunsa ba mai sauri ba ne, amma wannan ya haddace ta. Gobe Alhamis, ƙarfe biyu bayan azahar, ƙungiyar ƙananan ma'aikata za ta yi ƙuri'a a kan masu ba da bashin albashi a cikin ma'aikata. In an amince, kuɗin ruwa ba zai wuce kashi biyar cikin ɗari a wata ba, ba wanda zai ƙara riƙe katin ATM ɗin wani, kuma duk wanda ya riga ya biya ninki biyu na abin da ya karɓa, an yafe masa, a mayar masa da jinginarsa. Wanda ya ƙi bi, Darakta ya ce za a kai sunansa gaba, fanshonsa ma sai ya nema.

An rubuta masu ba da bashi, amma kowa ya san mutum ɗaya ake nufi: Alhaji Muhyiddin, mai kula da sito.

Wata goma sha bakwai da suka wuce aka yi wa Nasiha, matar Mahmuda, tiyata wajen haihuwar 'yarsu Afra'u. Dubu ɗari ya karɓa a hannun Alhaji a tsaye, ba shaida, ba dogon zance. Alhaji ya karɓi katinsa, ya rubuta lambar sirrin a ɗan littafinsa, ya jefa katin a cikin gwangwanin madara inda sauran katuna suke. Tun daga ranar, duk wata in alat ya shigo, Alhaji yake zuwa wajen mai POS ya cire dubu ashirin, ya miƙo wa Mahmuda ragowar albashinsa kamar sadaka. Shi Alhaji ba ya cewa kuɗin ruwa, ladan taimako yake cewa, har a ƙofar masallaci. Da aka yi wata biyu ba a biya albashi ba, sai uwar kuɗin ta haura, Alhaji ya ce kati kaɗai bai isa ba, a kawo takardar gonar mahaifinsa da ke Arikya. Yanzu Afra'u har ta fara gudu, Mahmuda ya biya fiye da dubu ɗari uku, uwar kuɗi tana nan daram, kuma Alhaji ya ce ƙarshen wannan watan in ba a biya ba gona ta zama tasa. Har ya kai wani mai noman riɗi ya gani.

Amma ba gonar ce take hana Mahmuda haɗiye abinci ba. Ranar da Inna Usaina, mahaifiyarsa, ta zo ce. Ta shigo motar kasuwa tun da asuba, da doya bakwai a buhu, manya, waɗanda ta ware wa iri. Ta tare Alhaji a nan bakin ƙofa, ta durƙusa a kan tsakuwa da tsufanta, ta ce ya dubi Allah ya bar musu gonar. Alhaji ya sa hannu ya jujjuya doyar, ya ce, "Kai, ƙasar nan tana da kyau." Ya sa Mahmuda da kansa ya ɗaure masa buhun a bayan mashin. Bai rage ko sisi ba. Direbobi suna kallo, masu gadi suna kallo. Tun ranar Inna ba ta sake taka Lafia ba, ko sunan jikarta da aka yi na ƙanwar Mahmuda ba ta zo ba.

Mahmuda ba mai faɗa ba ne. Ko akuya ta shiga masa kwano sai ya ce mata sannu kafin ya kore ta. Amma duk lokacin da ya wuce ta kan tsakuwar nan, sai ya kau da kai ya ƙara sauri.

"Kai, ɗan Arikya!"

Alhaji Muhyiddin ne, yana tsaye kusa da tsohon mashin ɗinsa, hula a karkace. Ciwon gwiwa ya hana shi taka kik, mashin ɗin kuma yana da halinsa: sai an ɗan kwantar da shi hagu, an rufe mai, an taka sau biyu a hankali, sannan a buɗe a taka da ƙarfi. Mahmuda ne kaɗai ya gane wannan, shi ya sa ya zama aikinsa.

"Zo ka tayar mini. Menene a jakar, takardarmu ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Yau da la'asar ke nan. In na gama tattara haƙƙina yau, gobe sai in zauna da natsuwa in ga jaruman da za su tsaya gindin mangwaro." Ya yi dariya, haƙorin makka ya fito. "Kai ina za ka tsaya?"

"Inda kuka ce, Alhaji."

"Yaron kirki. Gaishe da tsohuwa. Doyarta kam ta yi sakwara."

Mashin ya tashi, ya bar Mahmuda cikin hayaƙi.

A ƙungiyarsu ba a jefa ƙuri'a a akwati. Tun shekarar da aka buɗe akwati aka sami takardu sun fi mutane yawa, aka koma layi: masu amincewa su jeru a gindin mangwaro, masu ƙi su jeru a wajen tankin ruwa, a kira suna ɗaya-ɗaya, a ƙirga. Bara ma an kawo wannan maganar. Alhaji ya jawo kujera ya zauna a tsakiya, gwangwani a kan cinyarsa, yana girgiza shi kaɗan-kaɗan, katuna suna ƙara. Mutum goma sha ɗaya ne suka tsaya gindin mangwaro. Mahmuda yana wajen tanki, kansa a ƙasa.

Ya fita ya tsayar da ɗan acaɓa. "Titin Jos," in ji shi. Sun kusa shatale-tale sai maganar Alhaji ta dawo masa: in na gama tattarawa yau, gobe in zauna da natsuwa. Ya tuna kuma abin da kowa ya sani, cewa Alhaji ba ya iya zama in alat ya shigo. Kati yana hannunsa, amma waya tana hannun masu ita. Akwai watan da ya makara da awa ɗaya saboda jana'iza, mutum tara suka tura kuɗinsu asusun matansu ta waya, ya je ya tarar da wayam. Tun lokacin, ko abinci yake ci sai ya tsame hannu. Kuma ba ya aiken kowa, ko ɗan cikinsa bai yarda ya ga littafin lambobin nan ba.

Mahmuda ya dafa kafaɗar ɗan acaɓa.

"Malam, yi haƙuri. Juya mu je Bukan Sidi."

Nasiha tana tankaɗe a tsakar gida ya shigo. Ya wuce ɗaki, ya ɗaga katifa, ya kwantar da ambulan, ya mayar.

"Baban Afra'u, lafiya da ranar nan? Menene wannan?"

"Takardar ofis ce. Za ta kwana a nan."

Ta tsaya a bakin ƙofa, gari a hannunta har gwiwar hannu. Ba ta yi boko ba, amma ta san ranar wata.

"Ta albashi ce?"

Ya gyaɗa kai.

"Innalillahi. In aka gane korarka za a yi. Ga gona za ta tafi, ga aiki?"

"Gonar dai tafiya za ta yi in na kai yau."

"To bayin Allah da suke jira fa? Mu ma garin nan na ƙarshe ne."

"Kwana ɗaya ne, Nasiha. Inna ta fi minti goma a durƙushe. Ni kwana ɗaya kawai nake nema."

Ta dube shi, ta daɗe. Sai ta koma wajen rariyarta ta ce, "Kada Afra'u ta hau katifar da fitsari, ka sa ta a leda."

Allah ya taimake shi, kafin ya koma ofis ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya shiga wajen Hajiya a jiƙe, ya ce mai buga hatimi ba ya nan, an ce sai gobe da safe, ya bar takardar a can. Bai taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Ta yi tsaki ta ce bankunan nan sai addu'a.

Labari ya bazu. Wasu suka zagi banki, wasu suka zagi gwamnati. Mahmuda yana bencinsa yana jin su. Wajen la'asar Patrick direba ya fito daga sito yana tura kuɗi a aljihu, fuskarsa ba daɗi. Ya zauna a gefen bencin.

"Yarona yana kwance tun Lahadi, ana ƙara masa ruwa. Na ce yau zan biya magani. Yanzu na ƙara dubu talatin a kan na da." Ya share goshi. "Ka gani ko? Wannan ƙuri'a da kuke so, ni ban yarda da shi ba. Mutumin mugu ne, na sani. Amma yanzu-yanzu na shiga, yanzu-yanzu ya ba ni. Banki zai ba ni? Zai ce kawo wannan, kawo wancan, yaro ya mutu. In kun ce kashi biyar, zai rufe gwangwani ya ce babu. Sai mu je wajen wa?"

"Haka ne, Oga Patrick."

"Kai komai haka ne."

Mahmuda ya dubi aljihun Patrick. Dubu talatin ɗin nan shi ya jawo ta, ya sani. Ya so ya buɗe baki, sai ya hango tsakuwar bakin ƙofa ruwa yana wanke ta. Ya rufe bakinsa. "Allah ya ba yaro lafiya," kawai ya ce.

Ranar Alhamis bai zo ofis da wuri ba. Ya tsaya a shagon mai shayi da ke fuskantar banki, ambulan a cikin riga, yana duba agogon waya. Ƙarfe goma da rabi daidai ya shiga ya miƙa. Aka buga hatimi, aka ba shi kwafinsa. Ya dubi ranar karɓa da aka rubuta a jiki, ta yau ce ɓaro-ɓaro, ba ta jiya ba. Ya ninke ya sa a aljihu.

Bayan azahar mutane suka taru a filin ma'aikata, sun fi ɗari da ashirin: masu shara, masu gadi, direbobi, masinjoji, ƙananan akawu. Hadari ya sake haɗuwa. Wakilin Darakta yana zaune a tebur. Alhaji Muhyiddin ya jawo kujerarsa ta bara ya ajiye a tsakiya, ya ɗora gwangwani a cinya. Ransa a ɓace yake don bai tattara jiya ba, amma ya sa babbar riga.

Sakataren ƙungiya, Kwamared Aondowase, ya miƙe da takarda. Ya karanta ƙudurin da Turanci, ya ce an rufe ƙofa, daga yanzu ba ɗagawa ba fasawa, haka dokar ƙungiya ta ce. Ƙarfe biyu da minti goma.

Mahmuda ya taɓa wayarsa a aljihu. Shiru.

"To, masu amincewa ku je gindin mangwaro, waɗanda ba su yarda ba..."

Alhaji ya girgiza gwangwani. Ƙafafu suka fara ja wajen tanki.

"Sakatare!"

Kowa ya waiga. Shekara tara ba a taɓa jin muryar Mahmuda a taro ba. Hannunsa yana sama.

"Ni ban gane Turancin ba. A yi mana da Hausa."

Aka yi dariya. Aondowase ya ce gaskiya ne, haƙƙinsa ne. Ya juya takardar, ya yi ta da irin Hausarsa, a hankali. Da ya gama, Mahmuda ya sake ɗaga hannu.

"Kashi biyar ɗin nan, na dubu ɗari nawa ke nan?"

"Dubu biyar."

"Na dubu hamsin fa?"

"Dubu biyu da ɗari biyar. Mahmuda, makaranta muka zo ne?"

"Na dubu talatin da biyar fa?"

"Kai, zauna mana!" wani ya ce daga baya. "Ruwa zai sauko!"

"A bar shi ya tambaya," in ji Alhaji yana murmushi. "Ɗan ƙauye ne, lissafin doya kawai ya iya."

Biyu da minti ashirin da biyar. Gumi ya jiƙa wa Mahmuda riga. Ya ce akwai iyayenmu masu shara da Hausar ma ba ta ishe su ba, a yi musu da yaren Eggon. Wata dattijuwa ta ce ita kam ta ji sarai, amma wani mai gadi ya ce in za a yi da Eggon to a yi da Alago, su ma ba bayi ba ne. Nan gardama ta tashi, wa zai fassara, wa ya iya, wa yake ƙari. Wakilin Darakta ya duba agogo ya buga tebur, ya ce ya isa, a yi layi.

Mahmuda ya sake duba wayarsa, babu komai. Wataƙila yau bankin ya yi nawa. Wataƙila ruwan jiya ya taɓa musu na'ura. Ya sa Patrick cin sabon bashi, ya yi wa Hajiya ƙarya, ga hatimi a aljihunsa zai kore shi daga aiki, duk a banza. Mutane suna ta tafiya wajen tanki, kai a sunkuye. Ya ɗaga ƙafa shi ma, bai san inda za ta kai shi ba.

Sai wayar wata mai shara ta yi ƙara.

Sai ta mai gadi. Sai uku a tare. Kafin a ce me, filin gaba ɗaya ya ɗauka, wannan ƙit, wancan ƙararrawa, wata har da kukan zakara.

"Alat! Alat ya shigo!"

Alhaji Muhyiddin ya miƙe tsaye, gwangwani a ƙirji. Ya dubi layi, ya dubi ƙofa. Ya ga kawuna sun sunkuya, amma wannan karon kan wayoyi, yatsu suna ta danne-danne.

"Sakatare, a ɗaga ƙuri'ar nan zuwa gobe."

"Alhaji, an rufe ƙofa. Kai ma ka ji doka."

"To a ƙirga da sauri!"

"Suna ɗaya-ɗaya ne, mutum ɗari da ashirin da bakwai. In kana sauri, ƙofa yana buɗe wa mai fita, amma ba ya buɗe wa mai dawowa."

Alhaji ya tsaya, leɓensa yana motsi. Kati arba'in da uku ne a gwangwanin nan. Mahmuda yana kallonsa, yana ganin yadda yake auna abin a ransa, kuma ya san inda zai faɗi. Bara goma sha ɗaya ne kawai, me zai canza bana? Kuɗi kuwa yanzu suke zirarewa.

Alhaji ya yago takarda daga littafinsa ya danƙa wa Patrick da biro. "Rubuta mini duk wanda ya je gindin mangwaro. Duk!" Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Sannan ya nufi mashin yana ɗingishi. "Ɗan Arikya! Zo ka tayar!"

Mahmuda bai taɓa zuwa kiran nan da sauri irin na yau ba. Ya kwantar da mashin hagu, ya rufe mai, ya taka sau biyu, ya buɗe, ya taka. Ya tashi tashi ɗaya. Har ya riƙe masa gwangwani ya hau, ya gyara masa bakin riga kada ta shiga taya.

"A sauka lafiya, ranka ya daɗe."

Mai gadi ya mayar da ƙofa ya sa sakata.

Mahmuda ya juyo. Bai yi sauri ba. Ya bi ta kan tsakuwar nan, ya ratsa tsakiyar fili, ya wuce kujerar da ba kowa a kai, ya je gindin mangwaro ya tsaya. Mutum shida ya tarar. Sauran suna wajen tanki, idonsu a kan hannun Patrick.

Patrick ya dubi takarda, ya dubi biro. Ya girgiza biron, ya hura masa iska, ya goga a tafin hannu.

"Wannan biro ba ya rubutu," in ji shi da ƙarfi. Ya jefa shi cikin kwata. "Ni dai ina nan wajen tanki, ra'ayina ne. Amma idona yana ciwo yau, ba na ganin nesa."

Dattijuwar nan mai shara ce ta fara tsallakowa, tana gyara zani. "Wata ashirin yana cin gumina," ta ce, "yau ko kashe ni zai yi." Sai biyu suka biyo ta, sai biyar, sai abin ya zama kamar an buɗe wa tumaki gari. Aka fara yayyafi, ba wanda ya motsa. Aondowase yana kiran suna, mutum yana amsawa da baki, hannunsa yana tura albashinsa asusun matarsa ko na ƙaninsa. Mahmuda ma ya tura nasa wa Nasiha, gaba ɗaya, karo na farko cikin wata goma sha bakwai.

Tasa'in da huɗu a gindin mangwaro. Talatin da biyu a tanki. Wakilin Darakta ya sa hannu.

Sai bayan la'asar Alhaji ya dawo, babbar riga ta manne masa a jiki. Ruwa ya tsare shi a hanya, na'urar mai POS ta yi ta ƙin karɓa, kati goma sha ɗaya kawai ya samu da kuɗi. Ya tarar ba wanda ya tafi gida, duk suna baranda suna jiransa. Aondowase ya karanta masa sakamako. Wakilin Darakta ya ƙara da cewa saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ya yi tunani da kyau.

Alhaji ya daɗe a tsaye, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Sannan ya ajiye gwangwani a tebur.

Da yake Mahmuda ne masinja, shi aka ce ya raba. Ya riƙa ɗauko kati yana haɗa harafin sunan a hankali, ba ya gaggawa, kowane suna sai ya maimaita sau biyu, mai shi ya zo ya karɓa a gaban Alhaji. Nasa ne na ƙarshe. Aka sa Alhaji ya buɗe durowar sito ya fito da takardar gona. Mahmuda ya duba sa hannun mai unguwa, ya ninke ta, ya sa a cikin riga inda ambulan ya zauna da safe.

"Saura abu ɗaya, Alhaji."

"Me kuma?"

"Doya bakwai. Na iri ne."

"Wannan ba ya cikin ƙuduri, Mahmuda," in ji Aondowase, yana danne dariya.

"Na sani, Sakatare. Tunawa kawai na yi masa. A nan ta durƙusa, ga wurin can. Ban ce ya durƙusa ba, gwiwarsa ba lafiya. In ya samu sarari ya kawo, ya ajiye a wurin, zan ɗauka."

"Alhaji doya bakwai!" wani direba ya ƙwala daga baya. Baranda ta kece da dariya. Mahmuda ya san sunan ya zauna ke nan, har ranar da mutumin zai bar aiki, wataƙila har jikokinsa. 

Hajiya Ummukulthum ta kira shi ofis ta ce ya kawo kwafin banki. Ya miƙa. Ta dubi ranar karɓa da ke jikin hatimin, ta dube shi ta saman tabarau.

"Jiya ka ce ka bar ta a can."

"Na ce, Hajiya."

"Ka san abin da wannan yake jawowa?"

"Na sani."

Ta juya takardar, ta sake juyawa. Sai ta huda ta, ta tura can ƙasan fayil. "Daga wata mai zuwa ni zan riƙa kaiwa da kaina. Kuma yaron Patrick yana asibiti, ka je ka duba shi. Da hannunka a cike. Fita."

A waje ruwa ya tsagaita. Patrick yana goge gilashin mota, ya ce masa, "Kun ci. Wata mai zuwa in wahala ya zo, zan zo gidanka." Mahmuda ya ce Allah ya sa kada ta zo. 

Mutane suna ta watsewa. A bakin ƙofa Alhaji yana fama da mashin. Ya taka, gwiwa ta ƙi, ya dafa bango ya huta, ya sake takawa. Bai kira kowa ba. Masu gadi suna zaune suna kallo, ɗaya yana ƙirga masa da ƙarfi, "Biyar! Shida! Saura ɗaya ya cika bakwai!"

Mahmuda ya tsaya ya kalla shi ma, ya kalla sosai, har ya ƙoshi. Gobe Juma'a zai nemi izini ya kai wa Inna takardarta. Ya gyara jakarsa zai wuce, sai ya ga ƙafar tsohon tana rawa a kan kik, silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke a cikin laka.

Ya ajiye jaka a kan benci. Ya kama kan mashin ya kwantar da shi hagu, ya rufe mai, ya taka sau biyu, ya buɗe, ya taka.

Alhaji ya hau, bai dube shi ba. Ya ja ya fita, tayar baya ta watsa wa Mahmuda laka a wando. Mahmuda ya tsinko ganyen mangwaro ya goge, ya ɗauki jakarsa, ya nufi wajen masu lemo don ya saya wa yaron Patrick.